Mai Tsaron Ƙeya: Tarihin Takul na Hagu a Ƙwallon Amurka

Duk watan Afrilu, idan ƙungiyoyi 32 na gasar NFL suka fara shirin zaɓen sababbin 'yan wasa daga jami'o'i, akwai wata gardama da ke tashi a Amurka wadda ba ta tsufa. A gidajen rediyo, a shagon aski, a wurin aiki lokacin cin abincin rana, sai ka ji ƙarti sun daddage suna musu a kan gurbi ɗaya: wa za a sa a takul na hagu? Wani ya ce a ɗauko yaro sabon jini daga jami'a. Wani ya ce yaro ba zai iya ba, a zuba kuɗi a sayo gogagge. Na uku ya ce ai ga na dama nan, a juyo da shi hagu kowa ya huta. Mutumin da ake wannan tada jijiyar wuya a kansa kuwa yana iya yin shekara goma yana wasa hannunsa bai taɓa ƙwallo ba, kuma ba a cika kiran lambarsa a lasifika ba sai ranar da ya yi laifi.

Zaman da na yi a jihar Ohio ne ya jefa ni cikin wannan musu, don a can ba ka da zaɓi: ko ka koyi wasan, ko ka zama kurma a cikin abokan aikinka daga Satumba har Fabrairu. Ga wanda bai saba kallo ba, ga yadda abin yake a taƙaice. Kowane ɓangare mutum 11 ne. Masu riƙe da ƙwallo suna da dama huɗu su ci yadi goma, in sun kasa ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. A gaba akwai ƙarti biyar a jere: santa a tsakiya, shi ke miƙo ƙwallo ta tsakanin ƙafafunsa, sai gad biyu a gefensa, sai takul biyu a bakin layi, ɗaya dama ɗaya hagu. A bayansu kwatabak yake tsaye, shi ne mai jifa kuma shi ne ƙwaƙwalwar ƙungiya. Yawancin masu jifa da hannun dama suke jifa, kuma mai jifa da dama idan ya gyara tsayuwa, fuskarsa tana karkata dama, bayansa yana kallon hagu. Duk wanda ya taho masa ta hagu, ta ƙeya ya zo. Ba zai gan shi ba sai dai ya ji shi. Takul na hagu shi ne wanda aka ba amanar wannan ƙeya.

To amma da can ba haka abin yake ba, kuma wannan ne ya sa tarihin gurbin yake da daɗin bi.

Wasan ya samo asali ne daga rugbi da ƙwallon ƙafa irin na ɗaliban Ingila. Amurkawa suna ƙirga farkonsa daga karawar jami'o'in Rutgers da Princeton a watan Nuwamba na 1869, sannan Walter Camp na jami'ar Yale ya kawo tsarin layi da mutum goma sha ɗaya a 1880. A wancan zamani babu jifan ƙwallo gaba sam. Turereniya ce kawai: a dunƙule a tura, wanda ya faɗi a taka shi. Abin ya yi muni har a 1905 jaridu suka ƙirga aƙalla mutum 18 da suka mutu a fili, shugaban ƙasa Theodore Roosevelt ya kira wakilan manyan jami'o'i fadarsa ya ce a gyara. Cikin gyaran da aka yi a 1906 har da halasta jifa gaba. Amma halasta abu daban, rungumarsa daban. Shekaru da dama bayan haka, har bayan kafa NFL a garin Canton na Ohio a 1920, masu horarwa suna ɗaukar jifa a matsayin dabarar wanda ya rasa mafita. Takul a lokacin mai ture mutane ne don a buɗe wa mai gudu hanya, kuma idan ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya shi ɗin ne dai zai juya ya zama mai tare hanya, don mutum ɗaya ke yin aikin biyu har a tashi. Babu wanda ya damu da wane ne a hagu wane ne a dama.

Sai bayan yaƙin duniya na biyu abubuwa suka fara rarrabuwa. A 1950 NFL ta tabbatar da dokar canza 'yan wasa ba iyaka, kowa ya kama sana'a ɗaya. Paul Brown, kocin Cleveland, shi ake yawan jingina wa dabarar sa ƙartin layi su ja da baya su yi wa mai jifa da'ira, ya tsaya a ciki ya zaɓi wanda zai jefa wa. Mai jifansa Otto Graham ya ci moriyar wannan da'ira sosai. Amma dubi wanda ke tsare masa hagu: Lou Groza, gwanin takul na gaske, wanda duniya ta fi sani da bugun ƙwallo da ƙafa, har laƙabinsa ma daga yatsan ƙafa aka samo shi. Aikin da yau ake biyan miliyoyi a kansa, a wurin Groza shi ne aikin da ba a tunawa.

Haka Roosevelt Brown na New York Giants. A zagaye na 27 aka ɗauke shi a zaɓen 1953, daga Morgan State, ɗaya daga jami'o'in baƙar fata, bayan an riga an zaɓi mutum sama da ɗari uku. Ya yi kaka 13 a hagu, nauyinsa bai wuce kilo 116 ba, ya shiga zauren gwarazan wasan a 1975. Jim Parker na Baltimore, wanda ya tsare mai jifa Johnny Unitas, shi ne ɗan layin gaba zalla na farko da aka shigar wannan zaure, a 1973. Gwanaye dai an yi su. Abin da babu shi ne tunanin cewa hagu ta fi dama daraja. In ma akwai fifiko, dama ce ke da shi, don ƙungiyoyi sun fi gudu ta dama, kuma masu tsaro mafiya haɗari irin su Gino Marchetti da Deacon Jones ta nan suke tsayawa. Forrest Gregg, ƙashin bayan layin Green Bay a zamanin koci Vince Lombardi, na dama ne. Ron Yary, ɗan layin gaba na farko da aka ɗauka lamba ɗaya a zaɓe, a 1968, shi ma a dama ya yi rayuwarsa a Minnesota.

Abu biyu ne suka juya lamarin, ɗaya a takarda ɗaya a fili.

Na takarda shi ne dokokin 1977 da 1978. Kafin nan ɗan layin gaba ba shi da izinin miƙe hannu ya buɗe tafi. Dole ya dunƙule hannuwa a ƙirji ya baje gwiwar hannu, ya tare mutum da kafaɗa da goshi, alhali mai kawo hari yana da damar ɗauke shi da mari a kwalkwali. Deacon Jones ya yi suna da wannan mari, yana kaɗa wa mutum ƙwaƙwalwa ya wuce kafin ya farfaɗo. A 1977 aka haramta marin. A 1978 aka ba 'yan layi damar miƙe hannu, aka kuma hana masu tsaro damun masu karɓar jifa bayan yadi biyar. Masu gasar jifa suke so ya yawaita, don shi ke tara 'yan kallo a talabijin. Jifa kuwa ya yawaita. Daga nan siffar takul ta canza: aka shiga neman dogo mai dogayen hannuwa, mai faɗi, mai sauƙin ƙafa, wanda zai iya ja da baya da sauri ba tare da ya rasa daidaito ba.

Na fili kuwa mutum ɗaya ne, Lawrence Taylor. Giants suka ɗauke shi lamba biyu a 1981 daga jami'ar North Carolina. Nauyinsa wajen kilo 108, gudunsa na masu karɓar jifa, zuciyarsa kuwa sai dai a ce Allah ya kyauta. A gefen hagun masu jifa yake tsayawa, a tsaye ba a durƙushe ba, kuma bisa tsarin da aka saba, masu gudu da ƙwallo ne ya kamata su tare irinsa. Ya riƙa bi ta kansu kamar ba sa nan. A 1986 ya kayar da masu jifa sau 20.5, aka ba shi kyautar gwarzon gasar baki ɗaya, abin da mai tsaro bai sake samu ba tun daga lokacin. (Rabin nan ba kuskure ba ne: idan mutum biyu suka haɗu suka kayar da mai jifa, raba musu ake yi. Tun 1982 ake rubuta wannan ƙidaya a hukumance.)

Masu horarwa suka shiga neman magani. Bill Walsh na San Francisco, a wasan sili-ɗaya-ƙwale na Janairun 1982, ya sa gad ɗinsa na hagu John Ayers ya riƙa zamewa baya yana tarar Taylor, suka ci 38 da 24. Joe Gibbs na Washington, wanda dole ya haɗu da Taylor sau biyu kowace kaka, ya cire mai gudu ɗaya ya ƙara mai taya tarewa a bakin layi, ya kuma dogara da wani ƙato mai suna Joe Jacoby, wanda babu ƙungiyar da ta zaɓa a 1981.

Daren Litinin 18 ga Nuwamba 1985, a filin RFK na Washington, Jacoby yana jinyar rauni bai shiga wasa ba. A wasan da Giants, mai jifan Washington Joe Theismann ya miƙa wa mai gudu John Riggins ƙwallo, Riggins ya maido masa da ita don a yaudari masu tsaro. Ba su yaudaru ba. Taylor ya diro masa ta baya, nauyinsa ya sauka a ƙafar dama, ƙasusuwan ƙwauri biyu suka karye har ɗaya ya huda fata. Taylor da kansa ya miƙe yana ɗaga hannu yana kiran likitoci, hankali a tashe. Miliyoyin mutane suna kallo kai tsaye, gidan talabijin kuma ya yi ta maimaita hoton. Theismann yana da shekara 36, bai sake buga wasa ba. Ban yarda da masu cewa a wannan dare aka haifi takul na hagu ba, don masu horarwa sun riga sun gane matsalar shekara huɗu kafin nan. Abin da daren ya yi shi ne ya fahimtar da masu kuɗin ƙungiyoyi da 'yan kallo, waɗanda ba sa zama kallon faifan atisaye.

A nan Ohio kuwa an riga an ga samfurin abin da ake nema. Paul Brown ɗin nan, bayan rabuwarsa da Cleveland, shi ya kafa Cincinnati Bengals, kuma a 1980 ƙungiyarsa ta yi kasadar ɗaukar Anthony Muñoz lamba uku, duk da tiyatar gwiwa da ya sha a jami'ar Kudancin California. Ya yi kaka 13, aka zaɓe shi cikin taurarin gasar sau 11, kuma har gobe in ana lissafin takul mafi gwaninta a tarihi da sunansa ake farawa. Wani abin dariya da masu gardama ba sa son a tuna musu: rabin rayuwar Muñoz a fili, mai jifansa Boomer Esiason bahago ne, wato ƙeyarsa tana dama. Haka Art Shell na Oakland da mai jifansa Ken Stabler. Ba a juya Muñoz ba, don mai kawo hari mafi sauri a lokacin ta hagu yake zuwa ko wane ne ke jifa.

Kuɗi sun shigo a 1993, shekarar da 'yan wasa suka sami 'yancin sauya ƙungiya idan kwantiraginsu ya ƙare. Nan take kasuwa ta faɗi abin da masu horarwa suka daɗe da sani. Indianapolis ta ɗauke Will Wolford daga Buffalo a kan dala miliyan 7.65 na shekara uku, da sharaɗin da ya ba kowa mamaki, cewa shi zai kasance mafi albashi a cikin masu riƙe da ƙwallo na ƙungiyar. Zaɓen 'yan jami'a ma ya bi sahu. Jacksonville, sabuwar ƙungiya, Tony Boselli ta fara ɗauka a tarihinta, a 1995. Baltimore Ravens ma da Jonathan Ogden ta buɗe nata tarihin a 1996, mutum mai tsawon mita biyu da 'yan kai da nauyin kilo 156, wanda ke motsi kamar bai san yana da wannan jiki ba. A 1997 St. Louis ta ɗauki Orlando Pace na jami'ar jihar Ohio lamba ɗaya, Seattle ta ɗauki Walter Jones lamba shida. Duka huɗun suna zauren gwaraza yau. Wannan jerin sa'a ne ya dasa wa magoya baya aƙidar da suke riƙe da ita har yanzu: ɗauki takul da wuri, ka huta shekara goma.

Littafin Michael Lewis, The Blind Side, na 2006, da fim ɗin da aka yi da shi a 2009 wanda ya ba Sandra Bullock kyautar Oscar, su suka kai wannan aƙida gidajen da ba a kallon ƙwallo ma. Michael Oher, wanda labarin ya ginu a kansa, Baltimore ta ɗauke shi a 2009, kuma da yawa daga wasanninsa a can a dama ya buga su. A 2023 ya kai iyalin da suka riƙe shi kotu a Tennessee, alƙali ya soke ikon kula da al'amuransa da aka ba su tun yana saurayi. Wannan wani zance ne daban, amma duk wanda ya kalli fim ɗin ya kamata ya san da shi.

Aƙidar tana da ramuka, kuma tarihi ya cika su da sunaye. Green Bay ta ɗauki Tony Mandarich lamba biyu a 1989, ta bar Barry Sanders da Derrick Thomas da Deion Sanders suna zaune. Bai yi abin kirki ba, daga baya ya amsa da bakinsa cewa ƙwayoyin ƙara ƙarfi ne suka gina jikin da aka yi ta yabo. Robert Gallery, lamba biyu a 2004, sai da aka mai da shi gad. Miami ta ba Jake Long kwantiragin da ya sa ya fi duk 'yan layin gasar albashi a 2008 tun bai taka fili ba. Shi ya yi kyau 'yan shekaru, sannan jiki ya gaza. Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne wanda zaɓensa ya yi daidai ɗari bisa ɗari: Joe Thomas na Cleveland, lamba uku a 2007, wanda ranar zaɓen ma ya tafi kamun kifi da mahaifinsa maimakon zuwa New York. Ya tsaya a layi sau 10,363 a jere bai fita ko sau ɗaya ba, har sai da jijiyar hannunsa ta tsinke a 2017. Bai taɓa buga wasan sili-ɗaya-ƙwale ba. Masu jifan da ya tsare sun kai ashirin, ana ta canza su, ƙungiyar tana ta shan kashi. Ya tsare ƙofa da kyau, gidan ne babu komai a ciki.

Ta ɗaya gefen kuma ga waɗanda aka tsinto a bola. Jason Peters babu wanda ya zaɓe shi a 2004, ba ma takul ba ne a jami'a. Buffalo ta koya masa, Philadelphia ta ci moriyarsa sama da shekara goma. Magajinsa Jordan Mailata ɗan rugbi ne daga Ostireliya da bai taɓa buga wasan Amurka ba ko sau ɗaya lokacin da aka ɗauke shi a zagaye na bakwai a 2018. Kocin layi Jeff Stoutland ya zauna da shi tun daga yadda ake sa kwalkwali. New England ta ci kofi shida da mai jifa Tom Brady da takul na hagu uku daban-daban, Matt Light da Nate Solder da Trent Brown, yawancin shekarun a hannun kocin layi ɗaya, Dante Scarnecchia. Solder ya tafi Giants a 2018 a kan dala miliyan 62, Brown ya tafi Raiders a 2019 a kan miliyan 66, kuma babu ɗayansu da ya yi wa sabon gidansa abin da ya yi wa tsohon.

Kada dai a ɗauka ina cewa gurbin ba shi da muhimmanci. Ɗan Najeriya ma ya taɓa nuna wa duniya abin da ke faruwa in an bar shi a buɗe. A ƙarshen Satumban 2007 takul ɗin Philadelphia na hagu ya ji rauni, aka sa wani matashi, Winston Justice, a madadinsa. Osi Umenyiora na Giants, haifaffen Landan da ya yi ƙuruciyarsa a Najeriya, ya kayar da mai jifansu Donovan McNabb sau shida a dare ɗaya. 'Ya'yan 'yan Najeriya sun tsaya a ɗaya gefen ma: Russell Okung shi ne takul na hagu na Seattle lokacin da suka lallasa Denver 43 da 8 a Super Bowl, wasan ƙarshe na gasar, a Fabrairun 2014, Carolina kuma ta ɗauki Ikem Ekwonu lamba shida a 2022.

Gardamar da na gani da idona ita ce ta 2021 a Cincinnati. Joe Burrow, matashin mai jifan da aka ɗora wa duk wani buri, gwiwarsa ta lalace a Nuwamban 2020 bayan dukan da ya sha. Ƙungiyar tana da lamba biyar a zaɓe. Gari ya rabu biyu: masu son Penei Sewell, ƙaton takul daga jami'ar Oregon, da masu son Ja'Marr Chase, mai karɓar jifa da ya yi wasa da Burrow a jami'ar jihar Louisiana. A wurin aikinmu akwai wani dattijo baƙar fata, direban motar ɗaga kaya, da ya ga zamanin Muñoz da idonsa. Kullum maganarsa ɗaya: mai jifan da ke kwance a ƙasa ba ya jefa wa kowa, ko da mala'ika ne ke jiran ƙwallon. Wani saurayi kuma ya ce masa in mai karɓa ya kuɓuce cikin daƙiƙa biyu, babu mai isowa wurin Burrow balle ya taɓa shi. Ni dai ina bayan dattijon, har yau kuma ban sauka ba.

Aka ɗauki Chase, Sewell ya tafi Detroit. Abin da ya biyo baya ya ba kowane ɓangare abin kafa hujja, shi ya sa musun bai mutu ba. Chase ya ci yadi 1,455 a kakarsa ta farko, Bengals suka kai Super Bowl karon farko tun Janairun 1989. Burrow kuwa an kayar da shi sau 51 a kakar, fiye da kowa a gasar, sau tara a wasa ɗaya da Tennessee, sau bakwai a wasan ƙarshe da suka sha kashi 23 da 20 a hannun Los Angeles Rams. Wa ke tsare hagun Rams a wannan rana? Andrew Whitworth, ɗan shekara 40, wanda ya yi wa Cincinnati kaka 11 kafin su bar shi ya tafi a 2017, suna ganin ya tsufa kuma sun riga sun zaɓi matasan da za su gaje shi. Matasan ba su kai ba. A ganina a nan aka yi ɓarnar, ba a zaɓen 2021 ba. A 2023 sai ga su suna biyan Orlando Brown ƙarami dala miliyan 64 don toshe ramin da suka haƙa da hannunsu.

Wani abu kuma ya canza wanda masu gardama da yawa ba su lura da shi ba. Mai jifa na yau yakan tsaya yadi biyar a bayan santa tun kafin a fara, idonsa yana ganin fili sosai, kuma yakan saki ƙwallo cikin ƙasa da daƙiƙa uku. Masu tsaro su ma sun daina ajiye gwaninsu a gefe ɗaya, duk inda suka ga rauni nan suke tura shi. A Super Bowl na Fabrairun 2016, Oher ne a hagun Carolina, amma ta dama Von Miller na Denver ya yi ta shigowa, ya ƙwace ƙwallo daga hannun mai jifansu Cam Newton sau biyu. T.J. Watt na Pittsburgh ta dama yake zuwa. Aaron Donald na Rams, wanda ya kashe wasan ƙarshe na Burrow, ta tsakiya ya ɓullo. Kasuwa ta gane haka: Sewell a dama ya zauna a Detroit, kuma a 2024 aka ba shi dala miliyan 112 na shekara huɗu, kuɗin da a da sai na hagu. Duk da haka girman sunan hagu bai gushe ba a zukatan 'yan wasan kansu. Orlando Brown ɗin nan ya nemi Baltimore ta sallame shi a 2021 don kawai an ce ya koma dama, shi kuwa ya ce burin marigayi mahaifinsa ne ya gan shi a hagu. Juya mutum daga wannan gefe zuwa wancan ma ba ƙaramin aiki ba ne, don komai na jikinsa sai ya koma akasi, ƙafar da ke gaba ta koma baya, hannun da ke fara duka ya canza. Tristan Wirfs na Tampa Bay ya yi hakan a 2023 ya yi nasara, amma shi da kansa ya bayyana irin damuwar da abin ya jefa shi a ciki.

Kansas City ce ta fi kowa ɗanɗana darasin nan a 'yan shekarun nan, duk da tana da Patrick Mahomes, mai jifan da ya fi kowa iya zillewa. A Fabrairun 2021 suka je wasan ƙarshe babu takul ɗinsu biyu, Eric Fisher da Mitchell Schwartz, Mahomes ya wuni yana gudun ceton rai, Tampa Bay ta ci 31 da 9. A Fabrairun 2025 suka sake zuwa da gad, Joe Thuney, a gurbin hagu, don duk waɗanda suka gwada a kakar sun gaza. Philadelphia ta kayar da Mahomes sau shida ba tare da ta turo ƙarin mutane ba, ta ci 40 da 22, Mailata ɗan rugbi yana tsare nata hagun. Bayan wata biyu Kansas City ta ɗauki takul Josh Simmons na jami'ar jihar Ohio a zagayen farko, bayan ta riga ta sayo wani takul Jaylon Moore daga San Francisco. Hanya biyu ta bi a lokaci ɗaya don tsoron kada ɗaya ta ɓace.

Hukuncina bayan duk wannan: ƙungiyar da ke da takul na hagu nagari, ko ya fara furfura, ta biya shi ta riƙe abinta har sai magajinsa ya nuna kansa a fili, ba a takarda ba. Wadda ba ta da shi kuma, kafin ta shiga musun zaɓe ko saye, ta fara duba wanda ke horar da layinta, don shi zai karɓi duk wanda aka kawo.